Ruwan tafkin Legas ya cinye mini ƙafa, abokin aikina kuma ya rasa tasa: gishirin ne?

*"Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan Arewa ne, ina aikin ɗibar yashi da kwale-kwale a ruwan Legas, wata bakwai ke nan. Kullum sai na yi awa shida ko bakwai a cikin ruwa, wani wuri iya gwiwa, wani wuri har ƙirji, wani lokaci da nutso. Ruwan ba na teku ba ne sosai, amma da gishiri-gishiri a baki. Yanzu tafin ƙafata ya yi fari ya yamutse, tsakanin yatsu ya tsattsage, ga wari ga ƙaiƙayi, in na taka ƙasa da safe kamar na taka ƙaya. Akwai kuma wani ƙurji a bayan hannuna, wata biyu bai warke ba, amma ba ya ciwo sosai. Abin da ya fi tayar mini da hankali, wani abokin aikinmu ƙarfe ya ɗan karce shi a ƙwauri, cikin kwana biyu ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Aka ce daji ne kada a yi masa allura, da aka kai shi asibiti sai yankewa aka yi. Shin gishirin ne ke cin jikinmu? Mene ne magani? Barin aikin ba zai yiwu ba yanzu, da shi nake ciyar da gida."*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba abokin aikinku lafiya, ya sa abin da ya same shi ya zama kaffara. Na karanta saƙonka sau biyu, domin abubuwa uku ka ɗaure mini a ƙunshi ɗaya, kuma ba gudunsu ɗaya ba. Ciwon ƙafarka mai tafiyar hawainiya ne, bushewa da ɗan magani na korarsa. Ƙurjin hannunka ya fi shi jinkiri, amma maganin kemis ba zai taɓa shi ba. Na abokinka kuwa da awa ake lissafa shi, kuma a kansa zan fi daɗewa. Ban ga ƙafarka da idona ba, ban taɓa ƙurjin ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne da zai nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Hukunci na likitan da zai duba ka ne.

Gishirin ba shi ne babban mai laifi ba

Mu a gida idan rijiya ta yi ɗanɗanon gishiri ko kanwa sai mu ce tana da zartsi. Ruwan da kake aiki a ciki ma ruwan zartsi ne, sai dai shi daga teku ya samo nasa. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, ruwan daɗi bai kai rabin giram ba, abin da ya faɗo tsakanin rabin giram da giram 30 shi ne na zartsi. Tafkin Legas kogin Ogun da wasu rafuka ke zuba masa ruwan daɗi, teku kuma na turo nasa ta mashigar jiragen ruwa. Da damina gishirin yakan sauka har wasu wurare su kusa komawa ruwan daɗi, kainuwa ta rufe su. Da rani ya hau. Ai harshenka ya riga ya gaya maka wannan. Irin ruwan nan ne a fadamun Neja Delta, da tafkin Keta a Gana, da bakin kogin Wuri a Duwala, duk wuraren da mutanenmu ke zuwa nema.

Jinin da ke jikinka shi ma da gishirinsa, kusan giram 9 a lita, kuma shi ne ma'aunin ruwan da muke rataya wa marar lafiya a asibiti. Ka ga ke nan sau da yawa gishirin tafkin bai yi wa na jikinka wata tazara mai yawa ba. Yana sa rauni raɗaɗi, idan ya bushe a fata yana ƙara mata kaushi, yana taya yashi gurzar ta. Laifinsa ke nan. Ɓarnar gaske daga wuri biyu take: daɗewar fata a jiƙe, da ƙwayoyin cutar da ruwa mai ɗumi mai ɗan gishiri ya zame musu gida. Ka ƙara da abin da birni mai miliyoyin mutane ke zubarwa a ciki, bahaya da ruwan kwata da baƙin mai da garin katako.

Akwai maganar da nake yawan ji, wai ruwan gishiri yana wanke ciwo. Ruwan da aka tafasa aka sa masa gishiri da ma'auni, e, yana wankewa. Ruwan tafki kuwa zuba wa ciwon cuta yake yi.

Ƙafarka

Fatar sama, wadda kake gani, busassun ɓawo ne da wani maiƙo ya manne su. Aikinta ta hana ruwan jiki fita, ta hana na waje shiga. Idan ta yi awoyi a ruwa sai ta sha ta ƙoshi, maiƙon ya wanke, ta kumbura ta yi fari. A tafin ƙafa ta fi kauri, shi ya sa can ta fi yamutsewa, zafin kuma da kake ji da safe na wannan kumburarriyar fatar ne da ke matse abin da ke ƙarƙashinta. Sojojin Amurka sun sha wannan a gonakin shinkafar Biyetnam, ƙafa ta yi kwana biyu ko uku a jiƙe sai soja ya kasa tafiya, kuma abin da likitocinsu suka gano mai sauƙi ne: a fitar da shi daga ruwa, a cire takalmi, a ɗaga ƙafar, cikin kwana ɗaya zuwa uku ta dawo daidai. Wannan daban yake da abin da ya sami sojoji a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ruwan sanyi ne ya kashe jijiyoyi har wasu suka rasa yatsu. Ruwan Legas bai kai wannan sanyin ba, kuma wannan sa'arka ce.

Tsagewar tsakanin yatsu da ƙaiƙayi shi ne abin da iyayenmu ke kira cin ruwa. Yawanci naman gwari ne, wato ƙwayar cutar fata da ake kira fungus, ɗan'uwan makero, ya sami laima ya zauna. Warin kuwa sau da yawa na wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke cin ɓawon fata. Ka duba tafin ƙafarka a haske, in ka ga ƙananan ramuka kamar an caccaka da tsinke, su ne. Duka biyun ba sa kisa. Abin da ya sa nake ɗaukar su da muhimmanci, kowace tsaga ƙofa ce, kuma ta irin wannan ƙofar abin da ya sami abokinka ke shiga.

Magani na farko shi ne wanda ba ka son ji: kwana uku cur ƙafar ba ta shiga tafki ba. Ba barin aiki na ce ba. Ka nemi zama a cikin kwale-kwale kana karɓar bokiti, ko sauke kaya a gaɓa, ko ka haɗa da ranar hutu. Bayan nan, kullum ka fito ka wanke ƙafa da ruwan famfo ko na leda da sabulu, ka goge tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai tsabta, ka zauna ƙafa a sama iska na bugunta, ka kwana ba safa. Haka bayan kowace alwala, don mutanenmu da yawa daga tafki sai alwala sai rufaffen takalmi, ƙafar ba ta taɓa ganin bushewa. Idan tsagar ta yi zurfi har wankewa na cutar da kai, ka tambayi malamai, sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa mai rauni.

Tsakanin yatsu ka shafa man kulotrimazol safe da dare har sati huɗu, ko tabinafin sati ɗaya zuwa biyu. Kada ka daina don ƙaiƙayi ya tafi a kwana na biyar, dawowa zai yi. Ramukan nan masu wari ba sa jin wannan man sosai, nasu daban ne, irin kilindamaisin ko eritromaisin na shafawa. Tsakanin yatsu bushewa yake so, dunduniya da faso kuma maiƙo suke so, don haka man kaɗanya ko basilin a dunduniya da dare, da kuma ɗan shafi kafin shiga ruwa don ya rage jiƙewa. Wasu na sa lalle, ba na faɗa da su, yana busarwa, sai dai yana ɓoye mini launin fata ranar da nake buƙatar ganinsa.

Abubuwa uku kuwa ina faɗa da su. Man shafawar nan mai haɗi uku da ake sayarwa a kowane kemis, wanda ke kashe ƙaiƙayi a dare ɗaya: akwai sitiroyid a ciki, yana kwantar da ƙaiƙayin yana ciyar da naman gwarin, yana kuma sirantar da fata. Sai fasa kafso a barbaɗa garin a ciwo. Sai baƙin mai ko kananzir da wasu ke shafawa wai don ruwa kada ya kama su, alhali ƙona fatar suke yi. Takalmin roba mai tsawo yana da amfani a ruwa iya ƙwauri, yana kare ka daga ƙarfe da kwalba. Amma da zarar ruwa ya shiga cikinsa ya zama tukunya, ƙafa na dahuwa a ciki yini guda. A ruwa mai zurfi gara takalmin da ruwa ke shiga ya fita, mai tauri a ƙasa, a cire shi da an fito.

Abin da ya sami abokinka

Ban ga takardunsa ba, amma labarin da ka bayar, ƙaramin karce, ruwan zartsi, kwana biyu, baƙar ƙafa, kowane likitan da ya yi aiki a bakin ruwa zai gane shi. Akwai ƙwayar cuta da ake kira Vibrio vulnificus, mu ce mata Bibriyo don sauƙi. Dangin ƙwayar kwalara ce. Ba ƙazanta ke kawo ta ba, a ruwan take rayuwa tun asali, ta fi son ruwa mai ɗumi mai matsakaicin gishiri, kuma ruwan Legas da ɗuminsa duk shekara. Idan ta shiga rauni ba ta tsayawa a sama ta tara mugunya kamar maruru. Ƙarƙashin fata take bi, ta shimfiɗar da ke lulluɓe da tsoka, tana toshe ƙananan jijiyoyin jini tana kashe nama, daga nan ta faɗa jini. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka kamu da ita na mutuwa, wasu cikin kwana ɗaya ko biyu. Bayan guguwar Katrina a Amurka a 2005, da ruwan zartsi ya mamaye unguwanni, an ƙirga mutum 18 da dangin wannan ƙwaya suka shiga raunukansu, 5 suka rasu. Wannan a ƙasar da asibiti ke kusa ke nan. Tana da abokiyar tafiya, Aeromonas, wadda ta fi yawa idan gishiri ya sauka da damina, kuma ɓarnarsu kusan iri ɗaya ce.

Wata la'asar, a wani asibiti da na yi aiki a kudu, an kawo mini wani dattijo mai sayar da kifi. Kaguwa ce ta ɗan cije shi a idon sawu da safiyar jiya. Wurin bai fi ƙwayar wake ba, ja ne kaɗan a kewaye, amma mutumin na gumi yana riƙe gado, ko zanen da ya taɓa ƙafar sai ya yi ƙara. Ɗansa har yana jin kunya, yana cewa Baba ba rago ba ne. Wannan zafin da ya fi ƙarfin abin da ido ke gani shi ne alamar farko, kuma ita aka fi rainawa. Na ɗauki biro na zagaye iyakar jan. Kafin a gama ɗibar jini a sa masa ruwa, jan ya tsallake layin da faɗin yatsa biyu, wani bororo mai ruwan jini-jini ya taso a gefe. Ba mu jira sakamakon gwaji ba, a daren aka shiga da shi tiyata, aka koma sau biyu a cikin satin. Ya fita da ƙafarsa, da dashen fata da aka yanko daga cinya. A gwajin jini ne muka gano yana da ciwon hanta wanda shi kansa bai sani ba.

To ka riƙe waɗannan, ka kuma gaya wa abokan aikinka. Rauni ya taɓa ruwa, sai zafi mai tsanani, ko ja da kumburi da ke tafiya kana kallo, ko bororo mai duhu, ko fatar ta koma shuɗi-shuɗi ko baƙi, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko jiri da ruɗewa: asibiti a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne, kuma babban asibiti mai ɗakin tiyata. Dabarar biro kowa na iya yin ta. Da kun isa, maganar farko da za ku faɗa ita ce, "raunin nan a ruwan tafki ya same shi." Wannan jimlar tana canza maganin da za a zaɓa. Irin su amfikulos da aka saba bai wa mai ciwon fata ba su ne maganin waɗannan ƙwayoyin ba. Bibriyo ana haɗa mata doksisaikilin da allurar jijiya irin seftriyazon ko seftazidim, Aeromonas kuma ta fi jin irin sifrofuloksasin. Kuma magani kaɗai ba ya isa idan nama ya fara mutuwa, domin jini ba ya kai shi wurin. Sai an buɗe an yanke mataccen. Yankan da aka yi da wuri ɗan nama ake cirewa. Wanda aka yi a makare shi ne ƙafa.

Maganar "daji ne, ba ya son allura" na san ta tun ina yaro, kuma na fahimci inda ta samo asali. Ana ajiye marar lafiya a gida ana shafe-shafe har cuta ta gama shiga jini, sannan a kai shi, a yi allura, ya cika, sai a ce allura ce. Kwana biyun da aka yi a gida su ne suka ci ƙafar abokinka. Addu'a da tofi ba su hana a ɗauki mutum a sa a mota ba, a yi su a hanya. Haka nan masu shan tiramol ko dikulofenak don su jure aiki, su sani suna kashe ƙararrawar da za ta tashe su ne.

Ba kowa wannan cuta ke kayarwa daidai ba. Ƙato mai lafiya sau da yawa jikinsa na tare ta. Wanda ta fi yi wa kisan gilla shi ne mai ciwon hanta, domin ƙwayar na son sinadarin ƙarfe da ke yawo a jinin mai lalatacciyar hanta, hantar kuma ba ta iya tace ta. Sai mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda, mai cuta mai karya garkuwar jiki, mai shan barasa ko jiƙe-jiƙen da ake haɗawa da ita a tasha, da mai sikila da aka sha ƙara wa jini. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. A cikin ku mutum goma sha biyu ka lissafa da kanka. Shi ya sa duk mai wannan aiki nake so ya yi gwajin hanta da na suga ko sau ɗaya. Wanda aka samu da ɗayansu, ra'ayina kada ya shiga ruwan da buɗaɗɗen ciwo ko na aski ne, kuma kada ya ci kawa ko jatan lande ko kaguwa sai sun dahu sosai, don ta baki ma tana shiga.

Idan ka ji ciwo a ruwa, fito a lokacin, kada ka ce sai an cika kwale-kwale. Wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ruwa mai yawa, leda biyar ko shida ba ɓarna ba ne, a fitar da yashi da duk abin da ya maƙale. A sa aidin, a rufe da bandeji mai tsabta. Irin wannan rauni ba a gaggawar ɗinke shi, rufe ƙwayar ake yi a ciki. Ka tabbata allurar tetanos ɗinka ba ta wuce shekara biyar ba idan raunin mai datti ne. Ƙayar tarwaɗa kuwa da dafinta, ka tsoma wurin a ruwa mai zafin da za ka iya jurewa ba tare da ƙuna ba, minti talatin ko fiye, zafin zai sauka, sannan a duba ko guntun ƙaya ya karye a ciki. Rauni mai zurfi, ko a hannu, ko kusa da gaɓa, ko a jikin mai hanta ko suga, a kai wa likita a ranar ko da bai yi komai ba.

Ƙurjin hannu

Ƙurji a bayan hannun mai aikin ruwa, wata biyu, ba zafi sosai, ya ƙi maganin da aka saba: abin da ke fara zuwa raina wata ƙwaya ce 'yar'uwar ta tarin fuka, Mycobacterium marinum, wadda ke zaune a ruwa da jikin kifi. Kada sunan ya firgita ka, ba ta kama huhu irin na tarin fuka kuma ba a ɗaukarta daga mutum. Ba ta son zafin cikin jiki, shi ya sa take tsayawa a hannu da gwiwar hannu inda fata ta fi sanyi. Takan ɗauki sati biyu zuwa huɗu ko fiye kafin ta fito, lokacin mutum ya manta da karcen. Ka shafa hannunka daga ƙurjin zuwa sama. In ka ji wasu ƙananan ƙulluwa sun jeru kamar carbi, zargin ya ƙara ƙarfi. Amma akwai wasu cututtukan da ke kama da ita, har da naman gwari mai shiga ciki, ko ƙaya da ta karye ta zauna. Sai an yanki ɗan nama an gwada, kuma likitan fata ne ya fi dacewa, a gaya masa aikinka don masu gwaji su san irin ɗumin da za su rena ƙwayar a ciki. Idan ita ce, magani na watanni ne, yawanci uku ko fiye, da haɗin irin kilaritromaisin da etambutol ko rifamfisin. Kada a matse, kada a tsaga a gida. In aka bar ta tana iya gangarawa jijiyoyin yatsu ta sandarar da su, hannu kuwa shi ne jarinka.

Sauran jiki

Ruwa na janye zafin jiki fiye da iska kusan sau 25, don haka ko ruwan da ka ji da ɗumi, awa shida har ƙirji na iya sa ka rawar ɗari da kasala, musamman da asuba ko ana ruwan sama. Ka riƙa fitowa kana shan iska, ka ci abinci. Tsayuwa a ruwa kuma na sa yawan fitsari, ga gumi da ba ka gani, sai mutum ya bushe yana tsakiyar ruwa. Ka tafi da ruwan shanka. Na tafkin kada ka sha ko ka kurkure baki da shi. Ko ba cuta, lissafin gishirin kaɗai ya isa: Hukumar Lafiya ta Duniya na so babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ruwa mai giram 3 kacal a lita in ka sha lita biyu ka wuce, ba a sa na miya ba. A gaɓar tekun Bangaladash, inda mutane ke shan irin wannan ruwa dole, an ga alaƙarsa da hawan jini, har da na masu juna biyu. Ga kuma kwalara, wadda ruwan zartsi gidanta ne na asali, Legas ta sha fama da ita a 2024. Gudawa kamar ruwan shinkafa ta fara, a fara ruwan gishiri da suga nan take, lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana sha ana tafiya asibiti.

Zazzaɓi bayan sati ɗaya ko biyu, da ciwon sha-raɓa mai tsanani, da jan ido ba kwantsa, wani lokaci da shawara ko raguwar fitsari, ba kullum ne maleriya ba. Akwai cutar da ke fitowa daga fitsarin ɓera, ta shiga ta tsagar fata, ta fi yawa da damina lokacin da gishiri ya sauka kwatoci suka cika tafkin. Tana jin magani idan an fara da wuri, tana kashe ƙoda idan an yi ta shan maganin maleriya ana jira. Tsargiya kuwa dodon koɗin da ke ɗauke da ita ruwan daɗi yake so, don haka in ka ga jini a fitsari na fi zargin rafi ko dam ɗin garinku da wannan tafkin. A gwada, maganinta firazikwantel. Masu nutso su kula da kunne: a karkata kai ruwa ya fita, a bar shi ya bushe, ban da tsinke ko gashin kaza. Wanda ya shaƙi ruwan har ya yi ta tari, a sa masa ido awa shida zuwa takwas, in numfashi ya yi nauyi ko zazzaɓi ya zo, asibiti.

Da ni ne kai, satin nan zan ɗauki kwana ukun nan na busar da ƙafa, a ɗaya daga cikinsu in je babban asibiti da safe in nuna hannu da ƙafa tare, in roƙi gwajin hanta nau'in B da na suga da allurar tetanos. In gwajin hanta ya fito babu, akwai rigakafinta, allura uku cikin wata shida. Sannan ku haɗa kuɗi ku ajiye leda ɗaya a kwale-kwale, da sabulu da aidin da bandeji da ruwan leda da biro, ku kuma tsayar tun yanzu wane asibiti za a nufa da wanda zai ɗauki mutum idan abin ya faru da dare. Idan ka je, ka rubuto mini abin da aka ce game da ƙurjin.